Furojet a darasin lissafi: yara suna so, amma suna iyawa?

Na-Gusau (malamin JSS 2):
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. A bitar da aka yi mana a hutun da ya wuce an matsa mana cewa mu rage tsayuwa gaban allo, mu riƙa ba yara furojet, wato wani aiki na zahiri da zai ɗauke su mako biyu ko uku, lissafin ya riƙa fitowa daga cikin aikin. Na gwada. Katangar makarantarmu ta faɗi ta gefen gabas tun damina, sai na raba ajin rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya auno wurin, ya zana shi a takarda bisa sikeli, ya faɗa mana bulo nawa gyaran zai ci da kuɗin da za a kashe. Ban taɓa ganin yaran nan da karsashi irin wannan ba. Masu sulalewa in an fita tara sun daina. Har wani ya je wajen masu buga bulo ya tambayo farashi, ba wanda ya aike shi. To amma da na yi musu gwaji a rubuce kan girman fili da sikeli, makin bai ɗara na bara da wani abin a zo a gani ba. Ina sha'awar nan ta tafi? In ci gaba ko in koma allo?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malam, ba inda ta tafi, don tun asali ba sha'awar lissafi ka gani ba. Sha'awar fita waje ce. Yaron da aka cusa shi da mutum tamanin a ɗaki ɗaya, uku ko huɗu a benci, ka ce masa ya ɗauki tef ya fita iska, me zai hana shi murna? Ko shara ka ce ya yi zai yi da rawar jiki.

Mu mun ga irin wannan. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an ce ƙaramar sakandare za ta zama wurin koyon aikin hannu. Aka shigo da injina daga ƙasashen waje, da yawansu a cikin akwatunansu suka lalace, ba wuta, ba ɗakin ajiye su, ba malamin da ya san kansu. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya. A 2006 Japanawa suka zo da shirin SMASE a Kaduna da Neja da Filato, suna koya wa malaman firamare yin darasi da kayan da ke kusa da su. Kowanne da alherinsa, ban musa ba. Amma har gobe yaro yana zuwa JSS 1 bai san bakwai sau takwas ba. Ka fara gyara wannan.

'Yar Zariya (sakandaren 'yan mata):
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka na ɗauka, rabi kuma ina neman a ba ni dama.

Abin nan ba sabo ba ne. Tun 1918 wani Ba'amurke William Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu a kansa, kuma tun lokacin ake wannan gardamar da muke yi. A fannin lissafi wani bincike da ake yawan ambato shi ne na Jo Boaler a Ingila a shekarun 1990. Ta bi ɗalibai kusan 300 a makarantu biyu har shekara uku, daga suna 'yan 13 zuwa 16. Ɗaya makarantar littafi da allo ce zalla, malami ya nuna hanya yara su yi ta maimaitawa. Ɗayar kuma ayyuka ake ba su masu ɗaukar makonni. Da aka zo jarrabawar ƙasa, 'yan makarantar ayyukan ba su gaza ba, har sun ɗan ɗara, musamman a tambayoyin da sai an yi tunani. 'Yan ɗaya makarantar kuwa, duk da sun fi zama a natse, in aka sauya wa tambaya kama sai su rasa wace ƙa'ida za su ɗauko.

To amma makarantu biyu ne kawai, kuma ita kanta ta rubuta cewa a makarantar ayyukan akwai yaran da suke shafe lokaci mai tsawo suna hira. Sannan a 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka fito da hujja mai ƙarfi cewa sabon koyo, in aka sake shi ya gano abu da kansa, kansa cika yake yi. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda kaɗan ne. Yaron da ke fama da riƙe tef, da gardama da abokai, da canja santimita zuwa mita, ina sauran wurin da ƙa'idar girman fili za ta zauna? Ina jin abin da ya sami ajin Malam ke nan.

Tsohon Hedimasta:
To ai kin dawo layina, 'yata.

'Yar Zariya:
Ban dawo ba tukuna Baba. Su ba su ce kada a ba da aiki ba. Cewa suka yi a koyar tukuna, a nuna misali a warware shi dalla-dalla, sannan a saki yaro a hankali. Malam Na-Gusau, tambaya: kafin su fita ka koyar da girman fili da sikeli a allo, ko ka bari katangar ta koya musu? Kuma a kowane rukuni wa ya riƙe biro?

Na-Gusau:
Na yi darasi ɗaya a kai kafin mu fita, sauran na bar su su lalubo, haka aka ce mana a bitar. Batun biro kuwa, rukunin mutum goma-goma ne. Kowane rukuni da gwaninsa, shi ke lissafin. Saura masu jan tef ne da masu ƙirga bulo da masu ba da umarni.

'Yar Zariya:
To ga amsarka nan. Mutum takwas suka yi lissafi, saba'in suka yi rakiya. Su takwas ɗin kuma da ma sun iya.

Mai Bulo:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, birkila ne, wani abokina ya sa ni a zauren nan. Na yi JSS na bari. Abin da ake kira Pythagoras an koya mana, na haddace na manta. Sai da na zo wajen aiki, maigidana ya nuna mini yadda ake fitar da kusurwar gini: ka auna ƙafa 3 a wannan igiyar, ƙafa 4 a waccan, in tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5 cif to kusurwarka ta miƙe. Na shekara ina yi ban san abin nan ne na aji ba, sai da wani injiniya ya rubuta mini 9 da 16 sun ba da 25 a jikin buhun siminti, wato 3 sau 3 da 4 sau 4 sun ba da 5 sau 5. Na ji haushi ranar. Da malaminmu ya fitar da mu fili da igiya da turaku uku, da abin ya zauna.

Kuma Malam, lissafin katangarka ba shi da wuya in an san sirrin. Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45, tsayinsa 22 da rabi. Kusan guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. In katangar mita 30 ce a tsawo, 2 a tsayi, murabba'in mita 60 ke nan, bulo 600. Ka ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda fashewa, 630. Ban sa na cikin ƙasa ba. Yaranka nawa suka kawo?

Na-Gusau:
Wasu sun kawo kusa da haka, wani rukuni kuma ya kawo dubu shida. Sun haɗa mita da santimita a wuri ɗaya.

Mai Bulo:
Dubu shida! A ba su kwangila, sai su zagaye unguwar gaba ɗaya.

'Yar Zariya:
Ku bar dariya, wannan dubu shidan ita ce darasin da ya fi kowanne daraja a cikin aikin. A takardar gwaji yaro zai rubuta 6000 ya wuce abinsa, ba abin da zai dame shi. A gaban katanga kuwa kana iya ce masa, dubi wurin nan, bulo dubu shida za su shiga? Nan take zai ga akwai matsala, shi zai koma ya nemo inda ya kauce. Allo ba ya ba da wannan. Amma sai malami ya tsayar da kowa, ya dawo da su aji, a warware kuskuren a allo kowa na gani, sannan kowa ya yi irinsa biyar shi kaɗai a littafinsa. In ba a yi wannan ba, an ga abu an wuce.

Maman 'Yan Biyu:
Ni uwa ce, ta ɓangarenmu zan yi magana. Da na ji kalmar furojet gabana faɗuwa yake yi. A makarantar yarana ma'anarsa a sayo kwali da maka da gam, wani lokaci a je a bugo hoto mai kala a shagon kwamfuta. Yara biyu, kowa da nasa. Ƙarshe babansu ko yayansu ne zai zauna da daddare ya yi, a kai makaranta a manna a bango, a ba da maki goma. Wanda iyayensa ba su da hali ya tashi da sifili. Me yaron ya koya? In abin da kuke nufi ke nan, don Allah a bar mu da allo.

Na-Gusau:
Hajiya, namu ko kwabo ba a kashe ba. Tef ɗin aro na yi, sauran rukunan igiya suka ɗaura wa ƙulli a kowace mita. Kuma a makaranta aka yi komai.

Maman 'Yan Biyu:
To wannan da sauƙi. Amma a sa doka, duk aikin da za a ba da maki a kansa a yi shi a gaban malami.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa. Ni abin da ke ba ni mamaki, ana neman aikin da zai sa yaro ya ga amfanin lissafi, ga shi kuwa a gidan kowa. Rabon gado. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, duk suna cikin Suratun Nisa'i, kuma babu yaron da bai taɓa jin ana maganar gado a danginsu ba. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafin aka samo kalmar aljabara, babban kaso na cikinsa matsalolin gado da wasiyya ne.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Mata tana da 1/8, mahaifiya 1/6. Yaro zai nemo lambar da 8 da 6 duk suke shiga, ya sami 24. Mata 3, mahaifiya 4, saura 17. Za a raba 17 tsakanin ɗa da 'ya, namiji kaso biyu mace ɗaya, ba ta rabuwa uku. Sai a ninka komai sau uku, a koma 72: mata 9, mahaifiya 12, ɗa 34, 'ya 17. Ku duba abin da ke ciki, tara ɓangarori, neman lambar haɗaka, rabo bisa kaso. Manhajar JSS ce sukutum.

In kuma kana so aji ya kaure da gardama, ba su matar da ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. A tara, 3/6 da 4/6, an sami 7/6, rabon ya fi dukiyar. Ka bar su su yi ta juyawa kafin ka gaya musu yadda aka warware tun zamanin Sayyidina Umar, aka mai da asalin, wato 6 ɗin nan, ya koma 7, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Haka zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, ɗaya bisa ashirin in ban-ruwa aka yi da wahala.

'Yar Zariya:
Allah ya gafarta Malam, wannan ya yi, kuma ba ya buƙatar fita ko'ina. Abu biyu dai. A yi amfani da iyalin da aka ƙirƙira, kada a ce yaro ya kawo na gidansu, akwai marayu a aji kuma akwai gidajen da rabon ya bar musu ciwo. Sannan a ajin da ke da Kiristoci a tanadi wani zaɓin daban, kowa ya ɗauki wanda ya kwanta masa. Shi malamin lissafi kuma ya tsaya a lissafi, fatawa ta masu ita ce.

Malamin Islamiyya:
Na yarda da duka biyun.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kwaleji, wato ƙaramar sakandare, shekara huɗu ce, a ƙare da jarrabawar BEPC, kuma da Faransanci ake karantarwa. Matsalarmu ɗaya da taku, sai dai ku Ingilishi ne. Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Yaranmu a kasuwa da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya faran 5 ce. In takarda ta ce 500, yaro zai ce dala ɗari. In ta ce 750, nan take zai ce ɗari da hamsin. Kullum yana rabawa da biyar yana ninkawa da biyar a ka, bai taɓa kuskure ba. Ka rubuta masa 750 a raba da 5 a allo da Faransanci, sai ya tsaya yana kallonka.

Abin da na lura da shi, in na ba su aiki a rukuni, da Hausa suke gardama. A nan ne nake jin tunaninsu, in gane wa ya fahimta wa bai fahimta ba. A darasin allo shiru suke, ba don ba su da abin faɗa ba, harshen ne babu. Ina zargin rabin karsashin da Malam Na-Gusau ya gani daga nan ya fito, an bar su sun yi lissafi da bakinsu.

'Yar Zariya:
An taɓa auna irin wannan a garin Recife na Brazil, aka buga a 1985. Yara masu talla ne, masu binciken suka riƙa sayen kaya a hannunsu suna tambayar kuɗi da canji. A bakin talla sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda tsurarsu, sai suka faɗo ƙasa da kashi 40. Yara biyar ne kacal, kada a ɗora wa binciken kayan da ba zai iya ɗauka ba, amma duk mai koyar da 'yan mata a nan ya san gaskiya ne. Ina da masu tallan awara da gyaɗa da suka fi ni saurin ba da canji. Na sa sun yi lissafin jari da riba na sana'ar gidansu, kwanon waken suya nawa, mai nawa, itace nawa, yanka nawa ya fita. Wata ta gano cewa in an cire kuɗin itace da niƙa, ribar da suke zato ta ragu sosai. Amma ban bar su a nan ba. Sai da kowace ta mayar da abin da ta yi a ka zuwa rubutu, layi-layi, da kashi cikin ɗari, yadda jarrabawa ke so. Wannan mayarwar ita ce aikin, kuma ita ce ba sa so.

Tsohon Hedimasta:
Kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya ambaci agogo. Darasi minti 40 ne. Kafin a shiga, a yi shiru, a goge allo, goma ta tafi. Zango yana da jadawalinsa mako-mako, masu duba makarantu in sun zo littafin shirin darasi za su buɗe su ga ko kana inda ya kamata. A ƙarshen JSS 3 ga jarrabawar BECE, gaba ga WAEC da NECO, ba mai tambayar yaro ko ya taɓa auna katanga. Mako uku a kan abu ɗaya, me ka bari a baya?

Sannan ni a sanina, abin da ke sa yaro ya so lissafi shi ne ya yi ya ga ya ci. Ka ba wanda ya saba ganin jan biro tambaya biyar daidai ƙarfinsa ya cinye, gobe shi zai riga kowa buɗe littafi. Sha'awa bayan iyawa take biyowa.

'Yar Zariya:
Masana halayyar ɗan Adam biyu, Deci da Ryan, abu uku suka lissafa da ke sa mutum himma daga zuciyarsa: ya ji yana da zaɓi, ya ji ya iya, ya ji yana tare da mutane. Furojet yana ba da na farko da na uku cikin sauƙi. Na tsakiyar, wanda Baba ke magana a kai, ba ya zuwa sai an koyar. Sai dai Baba, akwai yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba ɗan lissafi ba ne, ko tambaya biyar ɗin ba zai taɓa ba. Irinsa sai an biyo masa ta katanga ko ta awara kafin ya yarda ya zauna.

Na-Gusau:
To ga abin da nake tunanin yi zango mai zuwa, ku gyara mini. Aiki ɗaya tak, na mako guda, bayan na gama koyar da babin a allo. Mudu da kwano nake so su auna, kowa ya aro na gidansu, mu ga ko girmansu ɗaya, mu fitar da kaso tsakaninsu. Rukuni na mutum huɗu. Kowa da takardarsa, kuma ni zan zaɓi wanda zai tashi ya yi bayani, ba su ba.

Tsohon Hedimasta:
Mutum huɗu-huɗu a aji tamanin, rukuni ashirin ke nan. Kai kaɗai za ka zagaya su a minti 30?

Na-Gusau:
Akwai ɗaliban kwalejin ilimi da ake turo mana koyon aiki a zango na biyu, zan nemi a ba ni biyu.

Ɗan Damagaram:
In ba ka samu ba, raba ajin biyu. Rabi su yi awo yau, rabi su yi atisaye a littafi, gobe a sauya.

Maman 'Yan Biyu:
Makin fa? Rukuni za a ba wa ko kowa nasa? Ɗiyata ta sha yin aiki ita kaɗai a raba makin da 'yan zaman banza.

'Yar Zariya:
Ni ba na ba rukuni maki ko ɗaya. Aikin tare za a yi, amma gwajin da zai biyo baya kowa shi kaɗai, da lambobi daban da waɗanda suka auna.

Mai Bulo:
Malama hakan ba zai kashe musu jiki ba? A wajen gini in aka ce ba a biyan masu kwaɓa, gobe ba ka ganin kowa.

Tsohon Hedimasta:
A ba rukuni biyu cikin goma, takwas na mai takarda. Kuma Malam, hatsin da za a auna daga ina zai fito? Kada ka ce yara su ɗebo a gida, sai ka haɗa kanka da iyaye.

Na-Gusau:
Yashi zan sa su tankaɗe, Baba.

Mai Bulo:
Busasshe fa. Jiƙaƙƙen yashi kumbura yake yi, mudu ɗaya zai ba ka awo biyu daban. Kuma a shafe bakin mudun da katako, kada a yi masa tozo irin na kasuwa.